Naɗin Da Bai Cika Ɗari Ba

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki mutane kuma suka cika masallatai, ita ce nake so in ba ku labarinta. Kwanaki kaɗan kafin nan ne ma'aikatan ƙidaya suka bi gida-gida suna shafa mana tawada a yatsa. Shari'a ta shekara shida ke nan a jiharmu, an rage gardama a kanta a teburin mai shayi, ta zama abin da aka saba. Ni kuwa na haura shekara ashirin a shagona na hanyar tashar jirgi a nan Ƙaura, ina naɗin waya: taransifoma, fanka, motar injin niƙa, duk abin da ya ƙone aka kawo mini in warware in sake naɗawa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, ranar sunan jikata ta fari na ji ɗayanku yana gaya wa abokansa cewa babansu ne ya gyara famfon wani ƙauye bayan wani sakarai ya ƙona shi. Ban tanka ba saboda baƙi. Amma rabin maganar ba haka take ba, kuma ba na so in koma ga Allah in bar muku ita a karkace.

Sai na fara gaya muku yadda nake ƙirga. Ban yi boko mai nisa ba, allo na yi, littafin shagona ma da ajami na rubuta shi. Ubangidana da ya koya mini sana'a a Gusau bai yarda da ƙirgar baki ba, domin a cewarsa baki na ƙirga kunne na sauraron hira. Da carbi yake ƙirga, ni ma haka na gada. Ina da ƙaramin carbi mai ƙwaya talatin da uku da nake riƙewa a hannun hagu, hannun dama na juya kambun da waya take hawa. Zagaye ɗaya, ƙwaya ɗaya. In zan tashi, sai in ɗaura zare a ƙwayar da na tsaya. Shekara ashirin ina haka ba a taɓa dawo mini da aiki ba, kuma na san da haka, na kuma ji daɗin a faɗa. Ku riƙe wannan, domin daga nan abin ya shigo.

A farkon bazarar nan ne Injiniya Lawali ya zo shagona. Malami ne mai koyar da aikin lantarki, yaro ne a kaina da shekara goma sha biyar, amma mutum ne mai ladabi, in ya zo yakan cire takalmi ya zauna a tabarma. Mutanen wani ƙauye da ke bayan Dauran, ta hanyar Gurbin Bore, sun samu rijiyar burtsatse, kuma 'ya'yan garin da ke aiki a birni sun haɗa hannu sun sayo farantan sola. Sai dai farantan kaɗan ne. Wutar da suke bayarwa tsayayya ce irin ta batir, injin famfon kuwa mai juyawa yake so irin ta layin gari, kuma da ƙarfin da ya fi nasu. Inbata ita ce akwatin da ke mayar da wannan ta koma waccan, amma irin wadda muka sani ba ta ƙara ƙarfi a kan abin da aka ba ta. Ya shimfiɗa mini wata takarda da ya samo wajen wani abokinsa a Zariya. Tsakanin farantan da inbata an zana naɗi biyu da kwandensa biyu masu ajiye wuta, an gicciya su kamar ƙafafun kujerar da ake ninkewa.

"Malam Isuhu, dubi wanga zane da kyau," in ji shi. "Ka san makunnan cikin inbata bibbiyu suke, na sama da na ƙasa. In sunka buɗe tare, mi ka faruwa?"

Na ce, "Hayaƙi. Rabin abincin gidana daga nan yake fitowa."

"To a nan da gangan za mu buɗe su tare."

"Injiniya, ko rana ta buge ka a hanya?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya bayyana mini. Za a buɗe su tare na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sau dubbai kafin mutum ya ja numfashi. A wannan ɗan lokacin naɗin biyu su ne za su tare wutar su tara ta, kamar yadda mai lambu ke toshe bakin kwalbati ruwa ya taru, in ya sake shi ya kai fangalin ƙarshe. Da haka 'yan farantan nan za su iya ɗaga famfon ba tare da an nemi ƙato-ƙaton taransifoma ba. Na daɗe ina kallon takardar. Abin da na shekara ashirin ina gudu, shi ne wani ya zauna ya mayar hanyar aiki. Na ce masa wannan ai haram ne ya koma halal.

"Da sharaɗi, Malam, kamar mushe ga mai lalura," ya ce. "Sharaɗin kuwa yana hannunka. Naɗin ga biyu su zama tagwaye, ɗari-ɗari cif. In ɗaya ya gaza, wuta za ta haura da sauri fiye da yadda makunnan ka iya ɗauka."

Ɗari kuwa a wajena zagayen carbi uku ne da ƙarin ɗaya, kamar tasbihin bayan salla. Ya kawo waya mai kauri daga Kano, ya raba ta gida biyu daidai da daidai. Na gama na farko cikin kwana biyu, ya ɗauka ya tafi da shi ya auna, ya dawo yana cewa injin ma'aikata ma iyakarsa ke nan. Na biyun na kai zagaye na uku na carbi, wajen ƙarfe goma na safe, sai aka leƙo aka ce maƙwabcinmu mai sayar da gero ya cika, za a yi jana'iza yanzu saboda zafi. Na ɗaura zare, na jefa carbin a aljihu na fita. A maƙabarta muna zaune ana jiran a gama gini, hannuna ya shiga aljihu da kansa ya ciro carbin, na yi ta ja ina istigfari kamar kowa. Sai da na dawo shago na ɗauki kambun na ga zaren da na ɗaura a carbin ya zame ya koma gindi. Kowane shimfiɗi na waya na riga na rufe shi da takarda, ba a ganin na ƙasa. Abokin tagwaicinsa kuma ba ya nan balle in gwada. Abin da ya kamata shi ne in warware duka in fara daga ɗaya. Amma waya mai kauri in an warware ta fentin jikinta yakan tsage, sai an sake aikawa Kano, ga shi Injiniya ya ce jibi mota za ta zo. Na ce a raina ai hannu ya san aikinsa. Na ƙara abin da ido ya ba ni, na ɗaure, na zuba baranis, man da ke ƙanƙame waya in ya bushe.

Da na gama sai na ga ragowar wayar ta fi ta farko tsawo nesa ba kusa ba. Na naɗe ta na sa a aljihun riga na kai gida, na tura ƙarƙashin adaka. Mahaifiyarku tana tsakar gida tana tankaɗe, ban san ta gani ba.

"Malam, wagga waya fa? Ta farko ɗan guntu ka kawo ka ɗaure mani murfin tukunya."

"Ragowa ce."

"Ragowa ake ɓoyewa ƙarƙashin adaka?"

Na ce mata ta ji da garinta. Ku kun san halinta, ba ta maimaita magana, ajiye ta take yi. Da Injiniya ya zo ɗauka na yi niyyar in ce ya auna wannan ma. Kafin in buɗe baki ya ɗaga shi ya jinjina ya ce, "Wanga ba sai an auna ba, hannunka shi ne ma'auni." Na yi murmushi na karɓi yabon.

Muka je ƙauyen muka haɗa. Ranar da ruwa ya fara zuba a tanki mata suka yi guɗa, wani tsoho ya tara hannu ya sha ya ce yau ya ga rana ta ja guga. Aka gina wa akwatin ɗan ɗaki, mai gari ya danƙa makullin ga wani mutum mai suna Mamman Dogo. Manomi ne, yana da 'yan awaki, shi kaɗai ne ɗa namiji wajen tsohuwarsa, kuma an zaɓe shi ne don an san ba ya ɗaukar abin wani. Aikinsa ya share farantan da safe, ya kunna, ya kashe in tanki ya cika. A jikin akwatin akwai ɗan soket da muka bari don gwaji. Injiniya ya ja masa kunne kada ya jona komai a ciki. Mamman ya ce to. Ya bi ni har mota yana tambayata abin da ke ƙara kamar sauro a cikin akwatin, na ce naɗina ne ke aiki, ya ce, "Ashe kai ne sauron." Tun daga nan in ya gan ni Malam Sauro yake ce mini.

Sati bakwai famfon ya yi. A tsakiyar zafin da ke gaban damina, da rana tsaka, akwatin ya yi ƙara ya tashi da hayaƙi. Injiniya yana Zariya a lokacin, sai aka aiko mini. Ina buɗe murfin na ga makunnan sun fashe, naɗi ɗaya kuma ya yi baƙi, ɗayan yana nan kamar jiya aka yi shi. Ban buƙaci a gaya mini wanne ne wanne ba. Kafin in fito jama'a sun taru a ƙofar gidan mai gari, domin an riga an kai ƙara cewa Mamman yana cajin wayar hannu a soket ɗin. Lokacin wayoyin ƙauyen ba su wuce uku ba, sai an hau tudu ake samun magana. Wani ya ce a ɗauko Alƙur'ani ya rantse.

"Ba sai an ɗauko ba," in ji Mamman. "Na yi caji, ban musu ba. Har ta liman na yi."

Aka kwashe da dariya, liman ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo wajena.

"Malam Isuhu, mu ba mu san abin ga ba, kai ka sani. Cajin waya na iya ƙona shi?"

Ku saurara, domin wannan ce gaɓar. Na san wutar da waya ke sha ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Na san ko wayoyin ƙaramar hukumarsu ta Zurmi duka aka jona ba za su yi wannan ɓarna ba. Mamman yana kallona, fuskarsa a sake, don ya ɗauka mai ceto ya zo. Na ce, "Ranka shi daɗe, wuta ba ta da tabbas. Duk abin da aka jona wanda ba a tsara da shi ba, yana iya jawo matsala." Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, na auna su kafin in faɗa. Na karanta fiƙihu daidai gwargwado, na kuma san abin da ake kiran shaidar da aka jera gaskiya don a fahimci ƙarya. Mai gari ya miƙa hannu, Mamman ya kwance makullin daga igiyar wuyansa ya ba shi. Da zan hau babur da akwatin, shi ne ma ya taya ni ɗaurewa.

A shago na warware baƙin naɗin ina ƙirgawa. Tamanin da ɗaya. Na sake sayen waya ban gaya wa kowa ba, na naɗa ɗari cif, da Injiniya ya dawo na ce masa zafi ya taɓa shi shi ya sa na sabunta. Makunnan sun yi wata uku kafin a samo su. A watannin nan matan ƙauyen suka koma tonon rairayin rafi, suna tafe suna ambaton sunan Mamman. Yara suka laƙaba masa Mamman Caji. Da muka mayar da akwatin ya kama aiki, bai sake tsayawa ba, kuma wannan ya fi komai yi masa illa, domin kowa sai ya ce ga shi nan, tun da aka karɓe makulli daga hannunsa lafiya lau. Bayan girbi ya sayar da awakinsa ya koma Shinkafi. Ni kuwa sunana ya ƙara fita. Aka riƙa kirana aikin inbata a asibitocin karkara da gidajen masu hali, har na saya mana gidan da kuka girma a ciki. Ina sallata, ina azumina, in na tuna sai in ce ai ya karya dokar da aka kafa masa, ba ni na sa shi ba.

Shekara uku aka yi a haka, sai Allah ya kira ni aikin Hajji. Kamar yadda aka saba, na zagaya dangi da maƙwabta da abokan sana'a ina neman gafara. Na je Gusau wajen iyalan ubangidana, na je har wajen wani da muka yi cacar baki a kan iyakar gona. Saura kwana tara tashi na dawo gida da la'asar na ce alhamdu lillahi na gama. Mahaifiyarku tana ɗinke bakin jakata.

"Ka gama da waɗanda ba ka yi wa komi ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shinkafi nisa gare ta?"

Ban taɓa gaya mata labarin ba. Ta haɗa shi ne da kanta, daga waya, daga hirar mata, daga yadda nake canza magana in an ambaci ƙauyen. Washegari na fara zuwa wajen Injiniya na faɗa masa. Ya ce shi ma da laifinsa da bai auna ba, amma ba shi ne mai haƙƙin ba. Ranar kasuwa na shiga motar Shinkafi. Na same shi a layin masu igiya, yana sayar da guga na roba da igiyar rijiya. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu.

"A'a, Malam Sauro! Rijiya ka gina?"

Na tsuguna a gabansa, abin da ban taɓa yi wa wanda na girma ba. Na gaya masa komai, da jana'izar, da zaren, da tamanin da ɗaya. Yana saurare yana murɗa wata igiya a gwiwa. Wata mata ta zo tana taya guga, ya sallame ta a tsanake, sannan ya dawo kaina.

"Ashe ba wayar liman ba ce."

"Ba ita ba ce."

"Shekara ukku ina kwana ina tashi da cewa ni na hana garinmu ruwa. Ni kaina na yarda, ka gane? Da ka ce mani ƙarya anka yi mani tun farko, da na ji sauƙi." Ya ajiye igiyar. "Ba a nan za ka faɗa ba. Inda ka ɗaura, can za ka kwance."

Ranar Juma'a muka tafi tare. Bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci na faɗa da ƙarfi, ban rage komai ba. Mai garin da ya karɓi makullin ya rasu, ɗansa ne a kai. Wasu suka yi salati, wasu matasa ba su ma san zancen ba, liman kuwa ya ce alhamdu lillahi har sau uku, da alama shi ma ya sauke nasa kayan. Sabon mai gari ya ce a mayar wa Mamman makulli, Mamman ya ce a bar wa wanda ke riƙe da shi, shi yanzu ɗan kasuwa ne. Na ɗauka an gama. Sai ya kama hannuna ya ja ni ta wani lungu har wani gida mai dangar kara. Tsohuwarsa tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Tun da abin ya faru, in ji shi, ba ta sake ɗibar ruwan famfon ba, rafi take aikawa.

"Inna ba ta ji sosai," ya ce. "Ka ɗaga murya."

Na durƙusa na faɗa. Ta ce me? Na sake faɗa. Ta ce wa ya mutu? Mamman ya juya baya kafaɗunsa na rawa, ban sani ba dariya yake ko kuka. Karo na uku na kai bakina kusa da kunnenta na yi ihu yadda duk maƙwabta suka ji: "Inna, ba Mamman ya ƙona famfo ba, ni ne!"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta jefa ƙwayar gyaɗa a ƙwarya.

"To shi ne ka daɗe haka?" Sannan ta juya wajen ɗanta. "Mamman, baƙo ya sha rana. Ɗauki tulu ka ɗebo mashi na famfo, ni ma in ɗanɗana."

Ya ɗauki tulun ya saɓa a kafaɗa. A bakin danga ya tsaya ya waiwayo.

"Na yafe maka, Malam, duniya da lahira. Tashi daga ƙasan nan, kana ɓata farar riga."